Na'urar Bugun Zuciya Mai Samun Wuta Daga Motsin Jiki: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, ko yake jinyar wanda aka dasa wa, ya san akwai ranar da za a sake komawa ɗakin tiyata. Ba wai don ciwon ya tashi ba, sai don batir ya kusa ƙarewa. Shekaru da dama ke nan injiniyoyi da likitocin zuciya suna neman yadda motsin jikin mutum zai riƙa ba na'urar wuta da kansa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan aiki.

Mece ce wannan na'ura, kuma wa ake dasa wa?

Zuciya tana da nata lantarkin. Akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta a ɗakin zuciya na sama ta ɓangaren dama, shi ke aika saƙon da ke sa ta buga sau 60 zuwa 100 a minti idan baligi yana hutawa. Tsufa, ko ciwo, ko wata tiyata kan lalata wannan wuri ko hanyar da saƙon ke bi zuwa ɗakunan ƙasa. Sai bugun ya ragu, wani lokaci ƙasa da 40 a minti, mutum ya fara jiri da kasala da haki, har ya riƙa faɗuwa a sume.

Na'urar ɗan ƙaramin akwati ne na ƙarfen taitaniyom, a cikinsa akwai batir da 'yar kwamfuta. Ana sa shi ƙarƙashin fata a saman ƙirji, sannan a zura waya ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, ta jijiyar jini zuwa cikin zuciya. Aikinta sauraro ne. Idan bugu ya zo a kan lokaci, ba ta yin komai. Idan ya makara, sai ta aika ɗan lantarkin da bai kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, zuciya ta amsa.

Me ya sa batir ya zama abin damuwa haka?

Tun ranar farko shi ne damuwar. A 1958 aka fara dasa wa mutum irin wannan na'ura a cikin jiki, a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin. Likita Åke Senning ne ya yi tiyatar, injiniya Rune Elmqvist kuma ya ƙera na'urar. Wadda aka fara sa wa majinyacin, Arne Larsson, ba ta wuce sa'o'i kaɗan tana aiki ba. Kafin ya rasu a 2001 yana da shekara 86, an dasa masa na'ura har 26. Allah Ya yi masa tsawon rai, har ya ga bayan likitan da injiniyan duka, amma ku duba yawan yankan da jikinsa ya sha.

A shekarun 1960 batirin zaiba ake amfani da shi, kuma da ƙyar yake wuce shekara 2. Sauƙi ya zo a farkon shekarun 1970, lokacin da Wilson Greatbatch na Amurka ya kawo batirin litiyom da aidin. Shi ne ya kai mu ga inda muke yau, inda batir ke ɗaukar kamar shekara 7 zuwa 12, gwargwadon yawan aikin da na'urar ke yi.

Sai dai batirin a rufe yake ruf cikin akwatin, ba a buɗe shi a sa wani. Dole a tsaga fata, a cire akwatin gaba ɗaya, a jona sabo da tsofaffin wayoyi. Tiyatar ba babba ba ce, galibi allurar kashe wurin kawai ake yi. Amma haɗarin shigar ƙwayoyin cuta ya fi yawa a lokacin canji fiye da lokacin dashen farko, kuma idan cuta ta kama wurin, sau da yawa har wayoyin da suka riga suka manne da jijiya sai an ciro, wanda aiki ne mai haɗari. Wani ƙidaya na duniya da aka yi kan shekarar 2009 ya nuna an dasa na'urori fiye da miliyan 1 a shekarar, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu canji ne.

Wuta nawa na'urar take ci? Jiki yana da ita?

Abin da take ci bai taka kara ya karya ba. Ana auna shi da maikurowat, wato kashi 1 cikin miliyan na wat. Ƙananan na'urori na zamani suna cin ƙasa da 10, manya masu wayoyi da yawa kan kai 20 ko 30. Masu bincike kan ɗauki 10 a matsayin ma'aunin da suke son cimmawa.

Ita kuwa zuciya, ƙarfin da take kashewa wajen tura jini ya kai kimanin wat 1. Ke nan abin da ake nema kamar kashi 1 cikin 100,000 ne na aikin da take yi dama. Kuma ba ta hutu: tana buga kusan sau 100,000 a rana, fiye da sau miliyan 35 a shekara. Ga huhu yana buɗewa yana rufewa, ga tantanin da ya raba ƙirji da ciki yana sama yana ƙasa, ga tafiya da juyi da tashi da zama. Saboda haka tambayar ko jiki yana da isasshen ƙarfi an riga an amsa ta. Yana da shi har da rara mai yawa.

Ta yaya ake mayar da motsi ya zama lantarki?

Hanyoyi uku aka fi bi.

Ta farko ita ce lantarkin matsi. Akwai wasu duwatsu da sinadarai da idan an danne su ko an lanƙwasa su, sai su fitar da lantarki. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano haka a 1880, kuma da shi laitar kunna gas mai dannawa take fitar da tartsatsi. Don aikin zuciya, ana yin siririn falle mai laushi daga sinadarin da ake kira PZT ko wata roba mai suna PVDF, a manna shi inda zai riƙa lanƙwashewa da kowane bugu.

Ta biyu ita ce maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya, wato janareta ƙarama ƙwarai. Motsi ya kaɗa wani ɗan nauyi, nauyin ya juya maganaɗisu kusa da waya, lantarki ya fito.

Ta uku ita ce lantarkin gogayya. Wanda ya taɓa cire rigar leda cikin duhu a lokacin hunturu ya ji ƙas-ƙas, ya ga ɗan walƙiya, to ya san abin. Idan abubuwa biyu mabambanta suka haɗu suka rabu, ɗaya kan ƙwace wa ɗaya caji. Zhong Lin Wang na cibiyar Georgia Tech a Amurka shi da ɗalibansa suka fitar da 'yar na'urar da ke tara wannan caji a 2012, kuma tun daga lokacin wannan hanya ta samu karɓuwa sosai a Sin da Koriya ta Kudu.

Ko wace hanya aka bi, wutar ba ta zuwa a miƙe. Tana zuwa ne guntu-guntu, don haka sai an daidaita ta, a tara a kafasita, wato ɗan abin da ke riƙe caji na ɗan lokaci, ko ƙaramin batir mai ɗaukar caji, kafin na'urar ta sha.

An gwada a jikin mai rai, ko duk a takarda ne?

An gwada, kuma ba sau ɗaya ba.

A 2012 Amin Karami da Daniel Inman na Jami'ar Michigan sun nuna a ɗakin gwaji cewa girgizar da bugun zuciya ke haifarwa a ƙirji za ta iya ba da fiye da wutar da ake buƙata. A 2014 ƙungiyar John Rogers ta Jami'ar Illinois, da Canan Dagdeviren a gaba, ta ɗinka falle mai laushi na PZT a jikin zuciya da huhu da tantanin ƙirji na shanu da tumaki, ta kuma tara wutar a ƙaramin batir.

A wannan shekarar dai, a taron likitocin zuciya na Turai da aka yi a Basalona, Adrian Zurbuchen na Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan ya gabatar da wani aiki da ya fi burge ni saboda sauƙin tunaninsa. Suwizalan ƙasar agogo ce, kuma tun ƙarni na 18 maƙeranta suka san yadda ake yin agogon da motsin mai shi ke ɗaure masa sifirin. Sai suka ɗauki injin irin wannan agogon hannu, suka cire abin da ba a buƙata, suka ɗinka shi a jikin zuciyar alade mai nauyin kilo 60. Kowane bugu ya kaɗa nauyin, nauyin ya ɗaure sifirin, sifirin ya saki ya juya janareta. Sun samu maikurowat 52, suka kuma tafiyar da bugun dabbar da wannan wuta ba tare da batir ba.

A 2019 ƙungiyar Zhou Li a Beijin ta sa na'urar gogayya tsakanin zuciyar alade da jakar da ke lulluɓe ta, ta tara wutar, sannan ta yi amfani da ita wajen gyara bugun da aka rikita da gangan. A shekarar kuma masu bincike a Kwalejin Dartmouth suka ɓullo ta wata ƙofa: maimakon a taɓa zuciya, sai a sa robar PVDF a jikin wayar na'urar, tunda ita ma tana lanƙwashewa da kowane bugu.

Motsin zuciya kaɗai ake nufi, ko har tafiya da sauran motsi?

Har da su. A 2021 ƙungiyar Sang-Woo Kim ta Jami'ar Sungkyunkwan a Koriya ta Kudu ta fitar da wata na'ura mai girman batirin agogo, a rufe ruf, da wasu falle-falle a ciki masu sama da ƙasa idan jiki ya motsa. Ƙarƙashin fata ake sa ta, ba ta taɓa zuciya, kuma sun nuna a jikin dabba cewa tana cajin batirin litiyom.

Amfanin wannan a fili yake, domin ba sai an buɗe ƙirji ba. Illarsa ma a fili take. Mafi yawan masu buƙatar na'urar tsofaffi ne, wasu sun haura 70 ko 80, wasu a kwance suke. Wanda ya fi kowa dogaro da na'urar sau da yawa shi ne ya fi kowa ƙarancin motsi. Shi ya sa nake ganin motsin zuciya da numfashi sun fi zama abin dogaro, don ba sa jiran mutum ya tashi.

An fara dasa wa mutane?

A'a. Babu na'urar bugun zuciya mai samun wuta daga motsin jiki da hukumomin kula da lafiya suka amince a dasa wa majinyata. Duk abin da aka ambata a sama a ɗakin gwaji ne ko a jikin dabbobi.

In dai wutar ta isa, me ke hana ruwa gudu?

Nan ne gizo yake saƙa, kuma nan ne labaran da ke yawo suka fi taƙaitawa.

Da farko, a kula da alkaluman da ake bayarwa. A gwajin Beijin na 2019, kowane bugu ya ba da maikurojul 0.495 (jul shi ne wutar da wat 1 ke bayarwa a daƙiƙa 1, maikurojul kuma kashi 1 cikin miliyan nasa), alhali ana buƙatar 0.377 don a tayar da bugu guda. Wannan gaskiya ne kuma nasara ce. Amma lissafin na ɗan lantarkin da ke tayar da bugun ne kawai. Na'ura ta gaske tana sauraron zuciya dare da rana, tana ajiye bayanai, tana magana da kwamfutar likita. Wadda ke cin maikurowat 10, idan zuciya tana buga 70 a minti, tana buƙatar kusan maikurojul 9 a kowane bugu. Tazarar ba ƙarama ba ce.

Sai maganar lokaci. Gwaje-gwajen dabbobi na sa'o'i ne, ko kwanaki, ko 'yan makonni. Abin da za a sa wa mutum kuwa dole ya lanƙwashe kusan sau miliyan 370 a shekara 10, fiye da sau biliyan 1 a shekara 30, ba tare da ya tsage ko ya yi sanyi ba. Su kansu wayoyin na'urorin da ake amfani da su yau, bayan shekara fiye da 60 ana inganta su, har yanzu sukan karye saboda wannan lanƙwasa.

Jiki kuma ba ya barin baƙo haka nan. Duk abin da aka dasa, cikin makonni zai lulluɓe shi da naman tabo mai tauri. Ga akwatin da ba ya motsi, wannan ba matsala ba ce. Ga fallen da rayuwarsa ta dogara da lanƙwashewa, wutar da ya bayar a makon farko ba lalle ta zama wadda zai bayar bayan shekara ba.

Akwai kuma batun rufi. Ruwan jiki gishiri ne mai ɗumi da ke cin ƙarfe yana lalata lantarki, shi ya sa ake walda akwatin taitaniyom. Amma abin da aka rufe da ƙarfe ba ya lanƙwashewa, wanda aka rufe da roba mai laushi kuma danshi kan ratsa shi a hankali. Lantarkin gogayya ya fi kowa tsoron danshi. Shi kuma PZT akwai dalma a cikinsa, wadda guba ce idan ta yoyo. Masu maganaɗisu suna da tasu matsalar da na'urar ɗaukar hoto ta MRI. Wanda ke cikin jini kuma yana iya tara gudaji.

Na ƙarshe shi ne tiyatar kanta. Na'urar yau ta jijiya ake zura wayarta, majinyaci ya koma gida washegari ko ma ranar. Idan sabuwar tana buƙatar a buɗe ƙirji a ɗinka abu a jikin zuciya, to an gudu wa ƙaramar tiyata an faɗa babba. Babu likitan da zai yarda da wannan ciniki ga tsoho mai shekara 80.

Ba za ta ƙara wa zuciya mara lafiya nauyi ba?

Ta fuskar ƙarfin da ake ɗiba, a'a, ya yi ƙanƙanta da zuciya za ta ji shi. Abin lura shi ne nauyi da taurin abin da aka manna mata. Ƙarfe mai giram da yawa a jikin bangon zuciya yana iya sauya yadda wurin ke motsi, ko ya riƙa gogar nama har ya jawo bugu na daban. Shi ya sa ake ta ƙoƙarin rage girmansu. Sannan zuciyar da ta raunana ba ta motsi kamar ta lafiyayyen alade, don haka wutar da za ta bayar za ta ragu.

Idan zuciya ta tsaya, daga ina wutar tayar da ita za ta fito?

Daga ajiya. Wannan ne dalilin da ya sa maganar "na'ura mara batir" take buƙatar gyara. Dole a samu wurin tara wuta da zai riƙe na'urar a lokacin da bugu ya yi rauni ko ya ɗauke. Idan kafasita ce, ba ta riƙe da yawa. Idan batir ne mai ɗaukar caji, shi ma yana tsufa, ko da ya fi wancan daɗewa.

Me ya hana a riƙa yi mata caji daga waje kamar waya?

An yi. Ta Arne Larsson ma ta 1958 mai caji ce ta cikin fata. A 1973 kamfanin Pacesetter ya fitar da wata da aka ƙirƙiro a Jami'ar Johns Hopkins, wadda majinyaci ke yi wa caji duk mako. Da batirin litiyom ya zo, sai aka bar ta, domin likitoci ba sa son ran mutum ya rataya a kan ko ya tuna ko ya manta.

An ma gwada nukiliya. A 1970 aka fara dasa mai amfani da zafin fulutoniyom a Faris, kuma wasu daga cikinsu sun yi aiki fiye da shekara 30. An daina su a shekarun 1980 saboda dokokin sa ido da matsalar abin da za a yi da su bayan mai su ya rasu. Motsin jiki ya fi waɗannan biyu da abu guda: ba ya buƙatar majinyaci ya tuna komai, ba ya buƙatar hukuma ta bi sawu.

Wace irin na'ura ce za ta fara cin moriyar wannan?

A ganina mara waya. Wannan 'yar kwalba ce da ake turawa ta jijiyar cinya a maƙala ta a cikin zuciya, ba akwati a ƙirji, ba waya. Micra ta kamfanin Medtronic, wadda Amurka ta amince da ita a 2016, tsawonta bai kai santimita 3 ba, nauyinta kimanin giram 2. Aveir ta kamfanin Abbott ta biyo baya a 2022.

Dalilai biyu suka sa ta dace. Wutar da take ci kaɗan ce, kuma tana zaune a inda motsi da matsin jini suka fi yawa. Sannan ita ce ta fi buƙata, domin bayan shekaru nama kan rufe ta, cirowa ya yi wuya, sai a kashe ta a sa wata kusa da ita. Ɗakin zuciya kuwa ba zai ɗauki irinsu ba iyaka ba.

A 2023 Babak Nazer na Jami'ar Washington ya gabatar da samfurin da jikin kwalbar kansa ke mayar da matsin jini lantarki, kuma ya samu kusan kashi 10 cikin 100 na wutar da ake buƙata don bugu na gaba. Wani zai ga kashi 10 ya raina. Ni ban raina ba, domin ita ce hanyar da ta fi kusa da asibiti: batir yana nan a matsayin madogara, motsi yana ƙara masa kwana. Idan tsoho mai shekara 75 ya samu ƙarin shekaru a kan batirinsa, wataƙila ba zai sake shiga ɗakin tiyata ba. A 2024 kuma masu bincike a Beijin sun ba da rahoton wata kwalba mai 'yan ƙwallaye a ciki da ke gogayya da bangonta, suka bi ta na makonni 3 a zuciyar alade.

Har da na'urar da ke girgiza zuciya idan bugu ya haukace?

Wannan daban ce. Girgiza guda tana cin jul 30 zuwa 40. Abin da ke ba da maikurowat 10 ba ya tara jul 1 a yini, ke nan sai ya yi fiye da wata guda kafin ya tara na girgiza ɗaya. Zai iya taimaka mata wajen sauraro, amma batir mai ƙarfi ba makawa.

Su wa za su fi amfana idan abin ya tabbata?

Yara a sahun gaba. Akwai jariran da ake haifa da toshewar hanyar lantarkin zuciya, da waɗanda tiyatar gyaran zuciya ta bar su da ita. Yaron da aka sa wa na'ura yana shekara 5 zai iya fuskantar canji sau 6 ko 7 ko fiye a rayuwarsa, kowanne da nasa haɗarin.

Sai mutanen da asibitin zuciya ya yi musu nisa, kuma daga aljihunsu suke biya. Rahoton ƙungiyar likitocin zuciya ta Afirka, PASCAR, na 2018 ya nuna matsakaicin dashe a ƙasashen da aka duba bai kai mutum 3 cikin miliyan a shekara ba, Najeriya kuma tana can ƙasa, alhali a Jamus adadin ya haura 900. Iyalin da suka sayar da gona ko dabbobi suka biya na farko, bayan shekara 10 sai a ce su sake. Na'urar da za a dasa sau ɗaya ta wadatar za ta yi musu rana fiye da kowa.

Amma kada mu ruɗi kanmu, sabuwar fasaha da tsada take fitowa, kuma masu kuɗi take fara isa. Abin da ya fi kusa da marasa ƙarfi a yau shi ne sake amfani da na'urorin da aka ciro, aka wanke aka tsarkake, waɗanda batirinsu ke da sauran shekaru. Shirin My Heart Your Heart na Jami'ar Michigan ya gwada su a kan majinyata kusan 300 a ƙasashe 7, har da Najeriya da Kenya da Saliyo, kuma sakamakon da aka gabatar a 2024 bai nuna sun fi sababbi jawo cuta ba a cikin kwana 90 na farko.

Mahaifina yana da na'ura, an ce batir ya kusa ƙarewa. Mu jira sabuwar?

Kada ku jira. Kafin irin wannan na'ura ta isa ga majinyata, sai ta yi shekaru a jikin dabbobi, sannan a gwada ta a mutane kaɗan, sannan masu yawa, sannan hukumomi su duba. Batirin Baba ba zai kai lokacin ba.

Na'urar da ke jikinsa galibi ba ta mutuwa kwatsam. Idan batir ya yi ƙasa, tana nuna alama a kwamfutar likita, kuma daga nan galibi akwai kamar wata 3 da za ta ci gaba da aiki yadda ya kamata. A cikin wannan tsakanin ake so a yi canjin. Ku riƙe ranakun dubawa, ku riƙa tafiya da katin na'urar, ku tambayi likita ko zuciyar Baba tana da nata bugun idan na'urar ta tsaya, domin amsar ita ke nuna gaggawar lamarin. Idan kuka ga jiri ya dawo, ko suma, ko haki, ko wurin da aka dasa ya kumbura ya yi ja ko yana fitar da ruwa, ku kai shi asibiti a ranar.